Tumakin Ingila a Maruta

Ba ni na zaɓi littafin ba. A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Birnin Kudu, ina kuma ƙaro karatu a jami'a duk dogon hutu, a tsarin da aka yi wa malaman makaranta irina. Da muka shiga shekarar ƙarshe aka ce kowa ya kawo abin da zai rubuta kundinsa na kammalawa a kai. Na jera sunayen littattafai uku da na sani kamar yunwar cikina tun ina ɗaliba, na kai wa malamin da aka ɗora wa duba aikina. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya duba takardar, ya ture ta gefe.

"Waɗannan an tatse su tas, Malama. Duk abin da za ki faɗa wani ya riga ki."

Ya ja aljihun teburinsa ya fito da wani littafi mai kauri ya miƙo mini.

"Wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta shi, bai jima da fitowa ba. Mutanen ƙasarsu sun yi ta cacar baki a kansa a jaridu. Ki karanta shi, ki nemo abin da suka ce, sannan ki dawo ki gaya mini wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Kuma nawa ne, a dawo mini da shi da bangonsa."

A motar komawa gida na fara dubawa. A bangon akwai hoton wata doguwar katangar duwatsu da ta hau tudu ta ɓace, da tunkiya ɗaya a tsaye tana kallon mai ɗaukar hoton. Labarin wani tsohon makiyayi ne a tuddan arewacin Ingila. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo da ta yi shekaru tana aiki a birni ta dawo ta zauna da shi. Ana matsa masa ya sayar da garkensa domin a dasa itatuwa a filin kiwon. Iyakar labarin ke nan: shekara guda, uba da 'ya a gida ɗaya, ba sa faɗa, ba sa hira.

Na ci shafi hamsin ban ga abin da ya faru ba. Tsoho ya tashi, ya sa takalmi, ya fita, ya dawo, ya sha shayi. 'Yar ta wanke kofi. Ruwa ya sauko. Ni kuwa na saba da littafin da kafin ka kai shafi hamsin an ɗaura aure, ko an yi mutuwa, ko an kama wani. Ga Turancin tsohon, wanda marubuciyar ta rubuta yadda mutanen wajen suke furta shi; kalmomi da yawa na nema a ƙamus ban samu ba. Abin da ya hana ni ajiye littafin shi ne tumakin. A gidan kiwo na tashi, kuma ko da ban gane rabin abin da tsohon yake cewa ba, ina gane abin da hannunsa yake yi.

A ofishin malamai teburina yana kusa da na wata abokiyar aikina, Kirista ce 'yar Filato, mun daɗe muna raba azuzuwan Turanci tsakaninmu. Kowa Madam yake ce mata, har ni. Ita ta nuna mini yadda zan nemo ma'anar kalmomin tsohon a waya. Ashe suna da suna daban ga tunkiya 'yar shekara ɗaya, da wadda ta yi haihuwar fari, da wadda haƙoranta suka zube. Madam ta ce katangar bangon ta tuna mata da garinsu, inda ake jera duwatsu a gefen tsauni ba laka, don kada ruwa ya kwashe ƙasar gona. Ta ari littafin ta karanta babi biyu ta dawo mini da shi.

"Allah ya ba ki haƙuri," ta ce. "Ni mutanen nan barci suka sa ni. Uba da 'yarsa, a ce ko sannu da aiki babu?"

Iyayena suna Maruta, a ƙasar Gwaram. Duk bayan mako biyu nakan je ranar Asabar, mota zuwa Gwaram, daga nan in hau babur. Wata Asabar da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, na tafi da littafin a jaka. Bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, kusa da turken tumakinmu guda bakwai, na fito da shi don in ɗan duba. Baba ya miƙo hannu. Bai yi boko ba, ajami yake karantawa, amma ba ya ganin takarda ya ƙyale. Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, wannan wace dabba ce?"

"Tunkiya ce, Baba."

"Tunkiya? Wa ya lulluɓe ta da bargo?"

Na ce gashinta ne, ƙasarsu ƙasar sanyi ce, har dusar ƙanƙara tana sauka ta binne su.

"Dusa kuma? To ai sun huta, abinci yana sauko musu daga sama."

Na yi dariya har na sarƙe. Na yi masa bayani iyakar sanina, ni ma a hoto kawai na taɓa gani. Ya tambaye ni tumaki nawa tsohon yake da su, na ce wajen ɗari huɗu. Ya ajiye littafin a gwiwarsa.

"Shi da su wa?"

"Shi da karensa."

Inna, wadda take gefe tana tsince wake, ta ce, "A'uzu billahi."

"Tsaya tukuna," Baba ya ce mata. Ya juyo gare ni. "Kare yana kiwo? Ba ya cinye 'ya'yan? Kuma tunda ba sa layya, me suke yi da rago ɗari huɗu? Wa yake yi musu harawa?"

Wasu tambayoyin na amsa, wasu na ce sai na bincika. Na rubuta su a bayan littafin darasina. Ranar Litinin ni da Madam muka nemo bidiyon wani makiyayi yana yi wa karensa fito, karen yana zagaye garke yana shigar da su ta wata 'yar ƙofa. Da na koma na nuna wa Baba, sau huɗu ya sa na maimaita. A na huɗun ba karen yake kallo ba, bakin mutumin yake kallo.

Daga nan abin ya zama al'ada. In na je, bayan la'asar zan fassara musu babi ɗaya ko biyu, ina tsallake inda marubuciyar ta tsaya siffanta gajimare. Baba yana katse ni da tambaya, Inna tana aikinta kamar ba ta ji. Na lura fassarar tana tilasta mini in karanta a hankali. Jimlar da da zan wuce ta a guje, sai in tsaya in nemi yadda zan faɗe ta da Hausa, sai in ga ashe akwai abu a ƙarƙashinta.

A tsakanin nan na tattara sharhin da aka yi wa littafin. Na sauke su a waya, na kai wani shagon buga takardu kusa da tasha aka fitar mini, na ɗinke su wuri ɗaya. Abin ya ba ni mamaki. Ban taɓa sanin ana yi wa littafi irin wannan taron dangi ba. Wata mata a wata babbar jarida ta yabe shi matuƙa, ta ce an daɗe ba a rubuta shirun da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya da irin wannan gwaninta ba. Wani kuma, wanda ya ce shi ɗan makiyaya ne, ya yi wa littafin kaca-kaca. A ganinsa marubuciyar 'yar birni ce da ta je ƙauye yawon buɗe ido, ta ɗauki wahalar mutane ta yi wa littafinta ado. Ya ce makiyayin gaskiya ba haka yake ba. Wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan, har masu karatu suka shiga suna rubuto wasiƙu.

Na nemi labarin marubuciyar. Haifaffiyar birni ce da gaske, mahaifinta direban bas ne. Na sami wata hira da aka yi da ita, mace mai furfura da ƙaramar murya, tana yawan kallon ƙasa kafin ta ba da amsa. Ta bayyana cewa ta zauna a wata gona lokacin haihuwar tumaki shekara biyu a jere, tana taya su aiki. Da aka tambaye ta game da mai sukar, ba ta yi fushi ba, ta nuna cewa mai yiwuwa yana da gaskiya a wani wajen.

Nan na tsaya cak. Malamina ya ce in gaya masa wanda ya fi gaskiya. Ta yaya ni da ban taɓa taka Ingila ba zan raba gardama tsakanin 'yar birninsu da ɗan ƙauyensu? Na gaya wa Madam damuwata.

"Ba kin ce babanki yana sauraro ba?" ta ce. "Kai masa ƙarar mana. Shi ma ai makiyayi ne."

Da wasa ta faɗa, amma na ɗauka. Asabar ta gaba na zayyana wa Baba abin da kowa ya ce. Ya murza gemu.

"Koma mini wajen da tunkiyar nan za ta haihu."

Na nemo shafin. Tsohon ya hangi wata tunkiya ta ware daga garke, ta ƙi kiwo, tana tonon ƙasa da ƙafar gaba, tana kwanciya tana tashi, tana waiwayar bayanta tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Wannan kam Baturiyar ta gani da idonta," Baba ya ce. "Ba a ba mutum labarin wannan kukan. To koma wajen da ɗayar ta mutu."

A wannan wajen, bayan tunkiyar ta mutu, tsohon ya tsaya a kanta ya daɗe yana kallon sama, marubuciyar ta cika shafi biyu da abin da yake gani. Ni a lokacin ina ganin nan ne littafin ya fi kyau, har na ja layi da fensir a takardata.

"Nan kuma ƙarya ce," ya ce. "Mai tumaki ɗari huɗu a lokacin haihuwa ba shi da sukunin kallon sama. Wata tana can tana naƙuda. Baturiyar ce ta tsaya kallo, sai ta ɗora masa."

"To wa ya fi gaskiya, Baba?"

"Mai zagin ya san tumaki, amma haushi yake ji baƙuwa ta shigo garkensu. Ita kuma ta yi aikin, amma ba ta gaji ba. Wanda ya gada ba ya ganin abin mamaki a ciki." Ya nuna turkenmu da haɓa. "Ke kin taɓa jin na ba wani labarin waɗannan?"

Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da Hausa, a gefen sharhin mai sukar.

Wajen da masu sharhin suka fi yin gardama a kai yana tsakiyar littafin. Wata tunkiya ta haifi ɗa ya mutu, wani ɗan kuma uwarsa ta mutu ta bar shi. Tsohon ya feɗe mataccen, ya sa wa marayan fatar kamar riga, ya kai shi gaban tunkiyar da ta rasa ɗanta. Ta shinshina, ta ji warin nata, ta bar shi ya sha nono. 'Yarsa tana tsaye tana riƙe masa fitila, ba wanda ya ce uffan. Mai sukar ya ce an sa wannan ne kawai don a ba 'yan birni mamaki.

Da na fassara wannan wajen Baba ya gyara zama. Ya ce ya taɓa ganin Fulani sun cusa ciyawa a fatar mataccen maraƙi sun ajiye gaban saniya don ta saki nono, amma bai taɓa jin an sa wa mai rai rigar matacce ba. Shi abin da ya sani, in tunkiya ta ƙi ɗa, a shafa masa ruwan kanwa da dusa, in ta lashe shi ta karɓe shi. Ya yi ta tambaya a kan yadda aka yanka fatar, ni kuma ina sauri in wuce.

Babi na gaba gajere ne. Da safe 'yar za ta fita taya shi aiki, ana ruwa, ba ta da rigar ruwa, sai ta ɗauki tsohuwar rigar mahaifiyarta da ke rataye a bayan ƙofa ta sa. Da tsohon ya gan ta ya tsaya, sannan ya miƙa mata sandarsa. A ranar ne ya fara yi mata magana mai tsawo, a kan wata katanga da ta rushe. Na fassara na wuce, ina neman inda zan tsaya.

Inna ba ta ɗago daga kwaryarta ba ta ce, "Warin matarsa ya ji."

Muka juya muka dube ta.

"Ita ma fatar aka sa mata," ta ce. "Ba ku gani ba? Jiya ɗan rago, yau ita."

Sau biyu na karanta littafin, ban taɓa haɗa babin nan biyu ba. Baba ya ce, "Ikon Allah," ya sake cewa, "Ikon Allah." Inna ta tashi ta tafi duba tukunya, kamar ta faɗi farashin gishiri.

Bayan kamar wata guda malamina ya turo mini wata doguwar maƙala da wani farfesa na can ya rubuta a mujallar jami'a. Shafi ashirin da wani abu, da manyan kalmomi da sai da na yi ta buɗa ƙamus. Da na kai tsakiya na ga inda ya dosa: fatar ɗan ragon da rigar uwar abu ɗaya ne. Na ajiye takardar na yi ta dariya ni kaɗai a ofis har Madam ta tambaye ni lafiya. Da na gaya wa Inna cewa wani babban malami a Ingila ya yarda da ita, sai ta ce, "Shi ma matarsa ta rasu ne?" Na ce ban sani ba. Na nema kuwa daga baya, ban samu ba.

Mun gama littafin da kaka, ana yankan riɗi. A shafin ƙarshe babbar motar da za ta kwashi tumakin ta iso bakin gona da sassafe, tsohon da 'yarsa suna tsaye a ƙofar shinge, hannunsa a kan sakata. Nan marubuciyar ta tsaya.

"Sai me?" Baba ya ce.

"Shi ke nan, Baba. Ya ƙare."

"Takarda ce ta ƙare mata?"

Na ce masu sharhin ma sun yi faɗa a kan haka. Baba ya ce tsohon ya sayar, domin ba a kiran mota a mayar da ita wayam, abin kunya ne. Inna ta ce bai sayar ba, tunda yarinyar ta tsaya kusa da shi. Suka ɗan yi musu, irin wanda ban saba ji a tsakaninsu ba, har Baba ya ce a sake karanta masa shafin. Na sake. Kowa ya ce ai ga shi nan abin da ya faɗa.

Na shiga rubuta kundin. Ina cikin babi na uku, wata ranar Laraba da hantsi, ina ofishin malamai ina duba littattafan ɗalibai, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi kuwa ba ya kira sai da dalili.

"Uwata, littafin nan yana kusa da ke?"

"Yana jakata. Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Buɗe wajen fatar. Ƙafafun ya bari ko ya yanke?"

Ashe farar tunkiyarmu ta haifi tagwaye kwana uku da suka wuce ta ƙi ɗaya, Inna tana ba shi madara da cokali. Da safen nan kuma baƙar ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Baba ya riga ya je ya tambayi liman a kan taɓa fatar mushe, liman ya ce masa ai ba ci zai yi ba, ya wanke hannunsa da wuƙarsa in ya gama.

Na buɗe shafin ina fassara masa layi-layi. A yanka zagaye da wuya, a yanka zagaye da kowace ƙafa a gwiwa, a zare fatar gaba ɗaya kamar ana cire riga, kada a tsaga cikin. A bar wutsiyar, domin nan uwar take fara shinshinawa. Madam ta ajiye jan bironta ta matso da kujera. Malamin lissafi da ke can ƙarshen ofis ya daina abin da yake yi.

"A hankali," Baba yake cewa. "Wutsiya fa? To. Sai kuma me?"

Ina jin kukan tumaki ta cikin wayar, da muryar Inna tana cewa a riƙe shi da kyau. Sai layin ya yanke. Na kira sau uku bai shiga ba.

"Yanzu babanki littafin Baturiya yake bi yana fiɗa?" in ji Madam.

"Haka nake gani."

"To wannan ai ya fi duk sharhin da kika tara."

Kwana ukun nan kafin Asabar sun yi mini tsawo. Da na sauka daga babur ko gaisawa ban gama ba na nufi turke. Ga baƙar tunkiya a ɗaure, ga ɗan farar a ƙarƙashinta yana tsotso yana kaɗa wutsiya. Babu fata a jikinsa.

"Ta karɓe shi!" na ce. "Ina rigar?"

"Na binne ta tun shekaranjiya," Baba ya ce. "Kwana ɗaya ta yi ta fara ɗoyi, ƙudaje suka taru kamar mahauta. Su can sanyi ne yake riƙe musu ita. Baturiyar ba ta faɗi wannan ba, don ba ta san zafinmu ba."

Ya ba ni labari. Da farko tunkiyar ta shinshina wutsiyar ta tsaya kamar tana tunani, sannan ta tunkuye shi. Ya sake kai shi, ta sake tunkuyi, amma ba da ƙarfi ba. Da ya ga rana tana yi, sai ya jiƙa kanwa da dusa ya shafa masa a ka, ya ɗaure ta gajere a turke. Kafin la'asar ta bar shi ya sha.

"Baba, ka ɓata mana gwajin. Yanzu ba mu san ko fatar ce ko kanwar ba."

"Ni ɗan ragona nake so ya rayu, Uwata, ba takardarki ba."

Na tambaye shi a ransa wanne yake zato. Ya ce tsayawar nan da ta yi da ta shinshina wutsiya, bai taɓa ganin tunkiya ta yi wa ɗan wata haka ba. Amma bai rantse ba.

Na sa duk wannan a babi na huɗu: hukuncin Baba a kan kallon sama, maganar Inna a kan riga, da abin da ya faru a turke. Da hutu ya zo na kai wa malamina. Ya karanta a gabana, yana juya shafi a hankali. Da ya kai wajen ya cire tabarau.

"Su waye waɗannan da kika kafa hujja da su?"

"Iyayena ne, Malam."

"A wace mujalla suka wallafa?"

Ya mayar da tabaransa ya sake karanta shafukan. Na ga gefen bakinsa yana motsi a wajen ƙudaje.

"Ba za su zauna a babin sharhi ba, masu jarrabawa za su yi miki ca," ya ce. "Ki buɗe musu sashe nasu, ki kira shi hira da masu sauraro, ki faɗi ranar da wurin da yadda kika fassara. Maganarsu ki bar ta da Hausa, ki sa Turanci a ƙasa." Ya rufe kundin. "Har yanzu ba ki gaya mini wanda ya fi gaskiya ba."

Na ce ina ganin mai sukar ya yi daidai a shafi biyu, ya yi kuskure a sauran. Ya ce in rubuta haka, amma in kawo shafukan. Sannan ya tambaye ni, da wata murya daban, ko mahaifiyata ta taɓa shiga makaranta. Na ce ta Islamiyya kawai, ta matan aure. Ya jinjina kai. Na mayar masa da littafinsa da bangonsa, sai dai ya ɗan yi warin hayaƙi.

Ranar kare kundi, tambayoyin da aka yi mini kusan duk a kan wannan sashen ne. Wata malama a cikin masu jarrabawar ta so ta san ko fassarata ce ta sa Inna ta ga abin da ta gani, wato ko na karkata labarin ban sani ba. Tambaya ce mai kyau. Na ce abin da na sani shi ne ni kaina ban gani ba a lokacin da nake fassarawa. Na ci jarrabawar, ba da wani babban yabo ba.

Bayan shekara guda Madam ta je ganin gida ta dawo mini da tsaraba: wani littafin marubuciyar, ta tsinto shi a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Wannan a birni yake, labarin wata mata mai aikin share-share a asibiti da wata tsohuwa da ke kwance ba mai zuwa duba ta. Na tafi da shi Maruta. Baba ya saurari babin farko, ya tambaya ko akwai dabbobi a gaba, na ce ban gani ba. Ya ce bari ya leƙa gona.

Na rufe littafin zan mayar jaka. Inna tana ɓarar gyaɗa, ta turo mini kwaryar da ƙafa don in taya ta.

"Ita tsohuwar ba ta da 'ya'ya ne?"

"Tana da ɗa ɗaya, yana wata ƙasa."

"Ya san tana kwance?"

"Ban kai wajen ba tukuna, Inna."

"To buɗe mu ji," ta ce.